Fitila Mai Jin Motsi a Tsakar Gidanmu

Talata, 8 ga Yuli, bayan La'asar

Don rubuta lokutan magani na sayi littafin nan, sai ga shi shafi ɗaya ya ishi magani, sauran shafukan suna kallona fari fat. Bari in zuba musu abin da ba ni da wanda zan gaya wa.

Yau kwanan maigidana biyar da dawowa daga asibiti a Sakkwato. Kwana goma sha tara muka yi can. Sunan da likita ya kira abin ba zan rubuta shi ba, na ji shi ya ishe ni. Hannun hagu ne dai da ƙafar hagu. Bakin ya dawo daidai, alhamdu lillahi, sai in ya gaji.

Baban Salwa, wanda duk kasuwar dabbobin Illela ta sani da Dabo dillali, mutumin da ranar Lahadi ba ya zama tun hantsi har faɗuwar rana, yau shi ne kwance ya ba bango fuska. Likita ya ce ƙafar tana iya dawowa in ana taka ta kullum. An ba mu sanda mai ƙafa huɗu. Ranar da muka iso ya ce in kawar masa da ita daga inda idonsa zai gan ta, na ajiye ta bayan ƙofa.

Daga ɗakinsa zuwa makewayi taku ashirin da biyu ne, na ƙirga. A kafaɗata yake yin su. Bayan Isha'i da tocila a bakina nake rakiyarsa, don hannuwana duka suna jikinsa. Ƙanena Abdulbaqi, mai haɗa sola, ya tarar da mu a haka jiya. Da zai tafi ya ce zai dawo ranar Alhamis da kaya.

Ya sha fura kaɗan.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Abdulbaqi ya wuni a kan tsani. Ya sa ƙwan fitila a tsakar gida, ɗaya a ƙofar makewayi, ɗaya a zaure, ya canza na ɗakina. Sannan ya liƙa wani farin abu kamar guntun sabulu a saman ƙofar madafi, yana fuskantar tsakar gida. Sensa sunansa, batir gare shi, kuma ruwan sama ba ya yi masa komai. Da an motsa a gabansa zai gaya wa wani ɗan akwati da ke ɗakina, shi kuma ya kunna fitilun, bayan minti ɗaya su mutu da kansu. Daga Magariba zuwa wayewar gari kaɗai yake aiki. Ya saka min manhajar a wayata, ya nuna min inda ake ƙara haske da rage shi, da inda take rubuta lokacin da aka yi kowane motsi.

Na ce, "Wanga abu ba na manyan gidajen Abuja ba ne?" Ya ce, "Yaya Latifa, na wanda bai da hannun riƙe tocila ne." Na kau da kai.

Baban Salwa ya leƙo ta taga ya ga farin abin. Maganarsa mafi tsawo ke nan tun dawowarmu:

"Mi kunka liƙa min ga bango? Nan gida ne ko bakin boda?"

Abdulbaqi ya yi dariya, shi bai yi ba. Ni dai na ji daɗin jin muryarsa, ko da faɗa ne.

Juma'a, 11 ga Yuli, da safe

Sau goma sha ɗaya fitila ta kama jiya. Kyanwar maƙwabta ce.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan Magariba

Ba kyanwa kaɗai ba. Zanen da na manta a kan igiya ma in iska ta kaɗa shi sai tsakar gida ta haskake, haka reshen dogonyaro da ya leƙo ta katanga. Ga ƙwarin damina sun samu wurin biki, da safe cike da tsintsiya na share. Na kira Abdulbaqi, wayata kuma ta kama layin Nijar kamar yadda ta saba, sai da na hau turmi kafin mu ji juna. Ya sa na ɗaga kan sensa sama kaɗan don ya daina ganin abin da ke rarrafe a ƙasa, na rage masa ƙarfin ji, na mai da hasken daga fari zuwa ruwan ƙwai, ya ce ƙwari ba su cika son wannan ba. Reshen kuwa ni na sare shi da adda, na kuwa huce a kansa.

Amma gaskiya abin ya yi amfani. Jiya da muka fito bayan Isha'i hanya ta haskake da kanta, bakina ba tocila, har na iya ce masa sannu.

Zakari, abokinsa da suke dillanci tare shekara ashirin, ya zo karo na uku. Baban Salwa ya ce in ce yana barci. Zakari ya tsaya a zaure yana juya hula a hannu, ya ce ba komai, ya bar masa goro. Na san ya ji tarinsa.

Da yamma Baban Salwa ya ce in koma ɗakina da kwana, wai duk juyin da ya yi sai ya ga idona a buɗe. Na kwashe tabarmata.

Lahadi, 13 ga Yuli, da hantsi

Ranar kasuwa. Tun asuba ake jin manyan motoci da kukan shanu. Ya ce in rufe taga. Zafi ake yi, amma na rufe.

Talata, 15 ga Yuli, bayan La'asar

Yayarsa Atika ta zo daga Amarawa da ƙullin saiwoyi da man shafawa. Tana son ɗan'uwanta, wannan ba shakka, sai dai duk abin da ta gani a gidan nan bai yi mata ba: miya ba gishiri, fitila mai kunna kanta, ni da na rame. Na ce likita ne ya hana gishiri. Ta ce likita bai san Dabo ba.

A gabanta na ɗauko sanda na ce ko taku biyar ne mu gwada. Kuskurena ke nan, a gaban mutum. Ya sa hannun dama ya ture ta, ta faɗi ta buge kwanon sha. Yaya Atika ta ce in ƙyale shi. Na ɗauke sandar na mayar bayan ƙofa, na shiga madafi na daɗe ina hura wutar da ta riga ta kama.

Salwa ta kira daga makarantar koyon jinya, tana tsakiyar jarrabawa. Na ce mata Babanta yana samun sauƙi. Ta ce yana takawa? Na ce layi ba kyau.

Ya ci kaɗan.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Bari in rubuta a hankali.

An yi yayyafi jiya. Da na fito shara sai na ga wasu ramuka a gindin bango, ƙanana, huɗu-huɗu, a jere daga ƙofarsa zuwa wajen randa. Kusa da su sawun ƙafa ɗaya sosai, ɗayan kuma jan ƙasa ne. Na tsaya da tsintsiya a hannu ban san iya lokacin ba.

Na shiga ɗaki na buɗe manhajar. Tun da na gyara sensa ban sake duba ta ba. Ga shi a rubuce: huɗu da minti goma, huɗu da sha shida, huɗu da ashirin da uku. Jiya ma haka. Shekaranjiya ma, wato ranar da ya ture sandar a gaban yayarsa, da asubar ranar ya riga ya fita da ita. Tun Litinin yake yi, kafin kiran sallar farko, lokacin da ya tabbata barci ya ɗauke ni.

Na leƙa bayan ƙofa. Sanda tana inda na bar ta, an goge mata ƙafafu, amma ɗaya da sauran laka.

Na share sawun kafin ya tashi. Na kai masa kunu, sai dai na kasa kallon fuskarsa don kada ya ga tawa.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Na gane abin da ya sa lokutan suke rarrabe. In ya tsaya hutawa ya daina motsi, bayan minti ɗaya fitila ta mutu, ya rage shi kaɗai a tsakiyar duhu da ƙafa ɗaya, sai ya sake motsawa ta kama. Tunanin nan ya hana ni cin abinci. Na mai da lokacin minti biyar.

Na kuma yi wani abu. Na haɗa ƙwan ɗakina da sensa, yadda in ya fito tawa fitilar ma za ta kama ta tashe ni. Ba fita zan yi ba, ina daga ciki ina saurare kawai, ko da wani abu. Na gaya wa Abdulbaqi a waya, ya ce, "Yaya, ya sani?" Na ce ba sai ya sani ba.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Ban yi tunanin taga ba. Labulena siriri ne.

Fitilar ɗakina ta kama ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, na farka, na ji ƙwas ɗin sanda sau biyu, sai shiru. Sannan na ji ta tana komawa. Ƙofarsa ta rufe.

Da na kai masa kunu bai karɓa ba. Ya ce ba tare da ya ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga:

"Malama, ashe gadina kike yi. Duk wanda ya shigo gidan ga ƙafata yake kallo kafin ya kalli fuskata. Sa'a guda nike da ita wadda ba idon kowa, ita ma kin amshe."

Na ce tsoro nake ji kada ya faɗi. Ya ce ya riga ya faɗi, a tsakiyar kasuwa, a gaban mutanen ƙasa biyu, mi ya rage.

Wannan ne karo na farko da ya ambaci ranar.

Lahadi, 20 ga Yuli, da safe

Ba motsi.

Litinin, 21 ga Yuli, da safe

Ba motsi. Na duba sau uku, har na je na tsaya gaban sensa jiya bayan Magariba don in tabbata bai lalace ba. Lafiyarsa lau.

Bai ci ba sai ruwan fura.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Ba motsi, kwana huɗu ke nan.

Yaya Atika ta dawo da shawara: a mai da shi Amarawa, gidansu na gado, inda akwai maza da za su riƙa ɗaga shi suna kwantarwa, ni ma in huta. Ba da mugunta ta faɗa ba, tana yi tana share ido. Abin da ya tsorata ni shi ne bai ce a'a ba. Ya ce duk yadda aka yi daidai ne. Na san in ya je can za a yi masa komai, ko kofi ba za a bari ya ɗauka ba, kuma ba zai sake takawa ba. Na roƙe ta mako biyu. Ta ce to, ba don ranta ya so ba.

Bayan ta tafi na zauna a kan turmi ina kallon farin abin nan a bango. Na yi niyyar in ɓalle shi in jefa a kwata. Amma ba shi ya yi laifi ba, shi aikinsa ya ga motsi ya kunna haske, kuma hasken ne ya ba Baban Salwa ƙarfin halin fitowa tun farko. Ni ce na mai da sensa ɗan rahoto.

Shekara goma sha bakwai ina koyarwa a firamare. Na san akwai yaron da in ka tsaya a kansa alƙalami ba ya motsi, sai ka juya baya. Ban taɓa zaton zan kasa gane wannan a cikin gidana ba.

Na kira Abdulbaqi na ce ya zo gobe.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan Magariba

An gama. Abdulbaqi ya raba ƙwan ɗakina da sensa, ya rage hasken tsakar gida yadda za a ga ƙasa amma ba zai faɗa tagar kowa ba. Ya saka manhajar a wayar Baban Salwa, ya fito masa da wuri ɗaya babba a fuskar wayar wanda babban yatsa zai iya dannawa. Sannan na miƙa masa tawa na ce ya goge. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce ya goge kafin in canza ra'ayi.

Na shiga ɗakin Baban Salwa ni kaɗai na ajiye masa wayar a gefen dama.

"Na cire daga tawa, ga shi cikin taka. Ba ni ƙara sanin ka hita ko ba ka hita ba. In ka danna nan, hitilar ɗakina ta kama. In ba ka danna ba, barcina nike."

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "In na faɗi fa?"

Na ce, "Sai ka danna."

Na ɗinka masa 'yar jaka da igiya yadda zai rataya wayar a wuya, na ajiye kusa da ita, ban yi bayani ba. Na kuma rataya bargo a tagata a kan labule.

Allah Ka sa ba wauta na yi ba.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Ban san komai ba. Hannuna sai ya kai kan waya ya tuna ba abin dubawa. Ƙasa a bushe take, ba ta riƙe sawu.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan Azahar

Na farka ƙarfe huɗu da kaina, jiki ya saba. Na ja mayafi na rufe kai har kunne, na yi ta salati har aka kira salla. Alkawari na yi.

Amma ba a hana ni ganin abin da ke gabana da rana ba. Takalminsa na dama ba inda na ajiye shi yake ba. Igiyar jakar ta yi duhun zufa. Yau kuma ya cinye tuwon da na zuba masa, ya ce miyar ba ta da daɗi, ya miƙo kwano a ƙara.

Na ƙara masa, na ce gishirin dai babu. Ya ce ya sani, gidan Malama ne, doka ta fi abinci yawa.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Yanzu ya samu barci, ni kuwa ba zan iya ba sai na rubuta.

An kwana ana ruwa, bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe uku. Na ce a raina yau kam ba zai fita ba, na saki jiki. Sai farkawa na yi na ga ɗakina da haske. Na daɗe kafin in gane ma'anarsa, sannan na fita ko ɗankwali babu.

Ba a wajen randa yake ba, ba a hanyar makewayi ba. Can bakin zaure na hango shi zaune cikin laka, sanda a gefe, waya a hannunsa. Wurin yana da gangare, ruwa ya kwanto ya yi santsi. Na duƙa zan ciccibe shi ina tambayar inda ya bugu. Ya ce ba inda ya bugu sai gindi, in dakata.

"Kada ki ɗaga ni. Tsaya nan ta hagu, ki ba ni kafaɗa. Ni za ni tashi."

Sau uku muna gwadawa. A na uku ya miƙe. Muna tsaye muna haki, laka har gemunsa, fitila ta mutu don mun daɗe ba mu motsa ba. Ya ɗaga sanda ya kaɗa ta sama kamar mai kora shanu, ta kama. Ban san wanda ya fara dariya ba a cikinmu.

Da muka koma ɗaki ina goge masa jiki ya ce ya kai minti goma a zaune kafin ya danna, yana ta shawara da zuciyarsa. Na ce mi ya sa ya danna? Ya ce sanyi. Can kuma ya ce, "Kuma ina son wani ya ga inda na kai. Taku arba'in da ɗaya, Malama. Har zaure."

Na ce na gani.

Gwiwarsa ta ɗan kumbura. Na kira likitan da ke duba shi, ya yi min tambayoyi, ya ce a sa ido kwana biyu, in ba ciwon kai ko wani sabon abu a ci gaba, amma kada a sake fita kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na sa an kawo buhu biyu na yashi an zuba a gangaren.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan Isha'i

Shi ya ce a mai da tafiyar bayan Magariba, wai ya gaji da tashin asuba kamar ɓarawo. Sharaɗinsa kada in riƙe shi kuma kada in ƙirga da ƙarfi. Ina tafe ta hagunsa hannuna a baya. Zuwa zaure da dawowa sau biyu, da hutu a kan turmi.

Hannun bai ce komai ba har yanzu. Ina matsa masa yatsu da safe, yana kallon wani wuri. Wannan ba mu maganarsa.

Na kira Salwa na ba shi wayar. Na ji yana ce mata ta bar damuwa ta yi karatunta, gida akwai malamar jinya mai mugun hali.

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Mako biyun Yaya Atika sun cika, ta zo da mota har ƙofar gida. Ta tarar da shi tsaye a bakin madafi yana min gardama kan yadda ake jiƙa dusa. Ta zauna a kan tabarma ta yi kukanta, ta sallami mai mota. Kafin ta tafi ta tambaye ni ko fitilar nan tana aiki a gidan da ba sola.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan Isha'i

Zakari ya zo, ba shi kaɗai ba. Na ji hayaniya a waje da kukan sa. Ya yi sallama daga zaure ya ce in gaya wa Dabo ba gaisuwa ta kawo shi ba, aiki ne: wani Bafillace ya kawo bijimi daga wajen Kwanni ta Nijar yana cewa shekararsa uku, shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma gobe kasuwa. San ba ya shiga zaure, ƙahonsa ya yi faɗi.

Na san dabara ce, Zakari ya san shekarun sa tun kafin in san alli. Baban Salwa ma ya sani. Na isar da saƙo na tsaya. Ya kalli taga, rana tsaka, unguwa cike da mutane. Ya ce in ba shi hularsa, ba wannan ba, mai ruwan toka.

Ban bi shi ba, a zaure na tsaya bayan ƙyaure. Ya daɗe kafin ya kai. Da ya fita sai surutun waje ya ɗauke ɗif. Zakari, Allah Ya saka masa, bai ce sannu ba, bai ce ya jiki ba. Ya ce, "Dabo, ka ɓata min lokaci, zo duba min bakin wanga."

Ya jingina da bango ya sa aka buɗe bakin san, ya duba haƙora, ya shafa wuyansa da hannun dama.

"Uku? Wanga ya ga damina biyar, ko ba a so."

Bafillacen ya yi dariya ya ce ai an gaya masa akwai wani mutum a Illela da ba a yi wa haka. Daga nan aka fito da benci. Har aka kira Magariba ina jin muryarsa a waje. Shayin da na aika musu sau biyu ana dawo da butar a ƙara.

Ya dawo a gajiye ƙwarai, bakin ya ɗan karkace. Ya yi barci ko tuwo bai jira ba.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan sallar Asuba

Kiran salla na biyu ne ya tashe ni. Ina ɗaura ɗankwali na ji sanda, ba a tsakar gida ba, a zaure, sannan ƙarar sakata. Na zauna a bakin gado da buta a hannu. Masallacin unguwa yana bayan gida huɗu, tun ranar nan bai taka shi ba. Na yi sallata, ban san surar da na karanta ba.

Gari ya fara haske ya dawo, mutum biyu suna biye da shi daga nesa kamar hanyarsu ce kawai. Ya zauna a kan turmi yana mai da numfashi. Ya ce raka'a ɗaya ya samu, liman sauri gare shi kamar ana binsa, kuma a kan kujera ya yi. Na ce Allah Ya karɓa. Na juya zan ɗora kunu ya kira ni.

"Malama, ki kira ƙanen nan naki. Lungun ga duhu gare shi, ga rami wajen kwata. Tsoho Malam Abu maƙwabcinmu saura kaɗan ya kife gabana, ni na tare shi da sanda. A liƙa irin wanga abu a waje, ya riƙa kamawa in mutane za su masallaci."

Na ce to, sai dai akuyoyin unguwa za su riƙa kunna ta duk dare.

Ya ce, "Su kunna. Su ma hanya suke nema."

Abdulbaqi ya ce ranar Juma'a zai zo da tsani.